Baro Arba'in da Ɗaya na Goggo

Goggo yayar babana ce, kuma shekara ashirin da shida ke nan tana share layi ɗaya tal. A takardar majalisar birni sunansa Layi na Tara, amma duk mai shago a kansa layin Goggo yake ce masa. Tsawonsa taku ɗari shida da arba'in ne da ƙafata, ɗari takwas da goma da tata, don gajeruwa ce, ga sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Shaguna hamsin da uku ne, famfo ɗaya, kwata biyu, dama da hagu. Tsintsiya kuwa duk sati uku take cinye guda. Na buga lissafin, na gaya mata ta kashe ɗari huɗu da hamsin.

"Allah ya ji ƙansu," in ji ta. "Duk a bakin aiki suka rasu."

Kakanmu mai kula da lambun wata makaranta ne. Babana ya ɗauko karatun, ita ta ɗauko lambun. Tun tana shekara bakwai take bin tsohon da butar ban ruwa, kuma a wurinsa ta koyi cewa busasshen ganye ba datti ba ne. Ta auri mai gyaran agogo, mutumin kirki wanda bai taɓa isa ko'ina a kan lokaci ba, suka haifi mata uku. Ranar da majalisa ta buɗe ɗaukar masu shara, da autar a bayanta ta je. Mai ɗaukar aikin ya dube ta sama da ƙasa ya ce ta yi ƙanƙanta. Sai ta ɗauki tsintsiyar bayan ƙofa ta share ofishin tas, har ƙarƙashin kujerar da yake zaune, sai da ya ɗaga ƙafafu. Washegari ta fara aiki.

Gidansu ɗaki biyu ne da 'yar tsakar gida, kuma a tsakar gidan nan akwai gwangwani talatin da bakwai, na madara da na fenti, kowane da dashe a ciki. Mijinta yakan ce in yana son shan iska sai ya nemi izinin mangwaro. 'Ya'yan uku duk sun yi aure, kuma duk wata sai sun haɗa baki su zo su ce ta ajiye aikin ta huta. Takan ba su ruwa, ta saurare su har ƙarshe, sannan ta tambaye su ko akwai mai gwangwanin da ba ta so.

Shekara biyu da suka wuce majalisa ta dasa itatuwa arba'in-arba'in a layuka goma sha huɗu. Aka ɗaura wa kowane dashe 'yar alamar ƙarfe mai lamba, aka ɗauki hoto, aka watse. A bana ne na sami aiki a sashen tsabtace muhalli. Shugabar sashen mace ce mai zafin nama, ba ta son jin "ana nan ana ƙoƙari." A taronmu na farko ta ce tana da masu shara goma sha huɗu, kowa ya ce shi ne gwani, to yaya za a gane mai aiki da mai jan ƙafa?

Hannuna ya riga tunanina tashi. Na ce a ƙirga baro. Kowane mai shara dama juji yake kai abin da ya tara, inda motar kwashe shara ke zuwa. A ba kowa kati, duk baron da ya shigo mai gadin juji ya buga hatimi ɗaya. Bayan wata uku a tara, lamba ta yi magana.

Shugaba ta buga tebur don daɗi. Ta ƙara nata: wanda ya zo na ƙarshe za a ɗauke shi daga titi a mai da shi share ginin majalisa, a haɗa layinsa da na wanda ya zo na ɗaya. Na koma gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Da hannuna na zana katin, gida ɗari uku da ashirin a kowane, don kada a ce wuri ya ƙare.

Kwana saba'in da takwas na aiki suka cika, na tara katuna a kan teburina. Na ɗaya Dogo ne, mai share Layi na Huɗu: baro ɗari uku da goma sha biyu, huɗu cif kowace rana. Na biyu ɗari biyu da casa'in. Aka yi ta sauka, ɗari biyu da 'yan kai, ɗari da tamanin, ɗari da sittin. Katin ƙarshe da na ɗauko fari ne fes kamar jiya aka buga shi. Hatimi arba'in da ɗaya. Na ƙirga sau uku, na juya bayan katin ko akwai saura. Babu. Na Goggo ne.

Ranar Talata ce. Takardar sauyin wurin aiki za ta sami sa hannun Shugaba ranar Alhamis. Da yamma na tafi gidan Goggo, na tarar tana cire ciyayi daga gwangwanaye, mijinta a gefe ya maƙale da gilashinsa a ido yana tonon wani agogo.

"Ga Alƙalami," in ji ta. Sunan da take kirana ke nan tun ina firamare. "Wa ya mutu? Ko lamba ce ta ɓace maka?"

Na zauna a bakin ƙofa na yi mata bayani tun daga farko, har da wanda ya kawo shawarar.

"Kai ne ka ƙirƙiro katin nan?"

"Ni ne, Goggo."

"Ni da nake ta tsine wa mai shi wata uku. Ashe jinina nake tsine wa. Na janye rabi." Ta share hannu da gefen zane. "To yanzu ina za a kai ni?"

"Ofis. Hawa biyu ne, ɗaki goma sha takwas. Akwai fanka."

"In share me a ofis? Takarda?"

"Da ƙura. Ba rana, ba ruwan sama."

"Layin fa?"

"Dogo za a ba."

Ta daina motsi. Mijin ya cire gilashin daga idonsa, abin da ban taɓa gani ya yi ana tsakiyar magana ba.

"Dogo," ta ce a hankali. "Gobe ka zo layina da sassafe. Ka taho da alƙalamin naka, mai jini a jika, ba wanda ke yin gardama ba."

Na isa rana na fitowa, na same ta har ta yi nisa. Abin da na fara lura da shi shi ne ba ta tara shara tsibi ɗaya yadda kowa ke yi. Tana tafe tana rarrabawa da bakin tsintsiya, ko sunkuyawa ba ta cika yi ba: ganye nan, roba can, yashi gefe, leda cikin baro. Duk taku goma sha biyar sai ga tsibi uku 'yan ƙanana a jere kamar masu jiran mota.

Ganyen ta kwashe shi da shebur ta zuba a gindin bishiya mafi kusa, ta yayyafa ƙasa a kai, ta danne da diddige. Kowace bishiya tsohuwar taya ce ta kewaye gindinta, kuma mai faci ne ya ba da su duka. Yashin ta mayar da shi ramukan bakin titi. Na ƙirga goma sha ɗaya da ta cike a safiyar.

Da muka iso wurin mai shayi, ya riga ya ajiye mata bokiti biyu: ɗaya ganyen shayin jiya da ɓawon ƙwai, ɗaya ruwan ɗaurayar kofuna.

"Goggo, yau da ɗan rakiya aka fito?"

"Mai bincike ne daga sama. Ya zo ya ga ko ina aiki."

"Wannan? Ba shi ne ya taɓa faɗawa kwatar nan yana ƙirga tsuntsaye ba?"

"Shi ne. Yanzu ya girma, mutane yake jefawa."

Ganyen shayin ya tafi gindin lamba sha biyu, ruwan ya tafi sha uku da sha huɗu. Ta ce da su ne yau. Gobe sha biyar da sha shida. Jadawalin duk a kanta yake. Mai aski ma da nasa bokitin, mai wankin kai ma haka, sai dai Goggo ta hana a ba bishiya ruwan da ya sha sabulu da yawa, wai yana sa ganye rawaya. Gorunan roba ta zuba su a buhun da ke rataye bayan famfo, wata mata na zuwa ta kwashe duk kwana biyu. Ƙyallayen da tela ya yanke suna cikin wani buhun daban, mai ɗinkin matashi ke ɗauka. Ɓawon lemo da ganyen kabeji na mai kayan miya kuwa, akwai mai awaki a bayan layi da ke aiko da kwando.

Ƙarfe goma ta jingine tsintsiya. Layin tas, ko tsinken ashana babu. Na leƙa baron: leda, fasasshen kwalba, wani takalmi ƙafa ɗaya. Bai kai rabi ba.

"Wannan zan tura har juji don a buga mini tambari?" in ji ta. "Sai gobe in ya cika. Ka rubuta?"

Na rubuta. Sannan na ɗaga kai, na ga abin da nake tsaye a ƙarƙashinsa tun safe ban kula ba. Inuwa. Na ruga farkon layi na soma bin alamomin ƙarfe. Ɗaya, biyu, uku. Wasu sun fi ni tsawo sau biyu. Ashirin, ashirin da ɗaya. A lamba ashirin da bakwai sai na tarar da taya da kututture kawai.

"Motar lemo ce ta yi baya ta take ta," in ji Goggo. "Direban ya sauya hanya tun ranar. Ya san abin da ya sa."

Talatin da tara cikin arba'in a raye. Ko sallama ban yi mata ba, na hau keke.

Layuka goma sha uku na zaga kafin la'asar, ina taka feda ina dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Layi na Ɗaya, sha bakwai a raye. Na Biyu, ashirin da biyu. Na Uku, sha huɗu. Duk inda hatimi ya yi yawa, itatuwa sun yi kaɗan, sai ka ce an auna da sikeli. A Layi na Huɗu shida na samu, su ma saiwoyinsu a waje kamar yatsun kaza. Can na hango Dogo da shebur, yana kankare ƙasar gindin wani dashe yana loda wa baro.

"Dogo, me kake yi haka?"

"Na huɗu nake cikawa, yallaɓai. Sharar ta ƙare tun a na biyu."

"Ƙasa ce fa wannan."

Ya dogara da shebur ya dube ni daga can sama. "Kai ka ce baro. Ka ce a duba abin da ke ciki?"

Ban ce ba. Mai gadin juji ma ya tabbatar mini: wata ukun nan an kawo masa yashi, an kawo duwatsu, wani har ɓaraguzan ginin maƙwabcinsa ya yi ta jigila. Motar da ke zuwa sau biyu a sati yanzu sau biyar take zuwa, direban yana ta ƙunƙuni wai tayoyinsa sun gaji.

Ranar Alhamis tun kafin a gama buɗe tagogi ina gaban teburin Shugaba da shafi uku. Takardar Goggo na ajiye a gefen hannunta na dama, biro a kai. Na zuba bayani ba numfashi. Ta saurara, ta duba shafukan, ta ajiye.

"Wannan matar, me take gare ka?"

"Goggona ce, ranki ya daɗe."

"Wato ka kawo tsari, tsarin ya kama goggonka, shi ne cikin kwana ɗaya ka gano tsarin ba shi da kyau."

"Haka ne. Amma itatuwan ba dangina ba ne. Suna nan tsaye, kowa zai iya ƙirgawa."

Ta dube ni, ta dubi biron. Sai ta ɗauki jaka, ta ninke takardar ta jefa ciki. "Ni zan ƙirga. In na sami talatin da takwas, a kan bayanka zan sa hannu."

Da takalmi mai tsini ta taka layin. Ta hana ni buɗe baki, tana tafe tana nuna kowace bishiya da biro. Kafin ta kai famfo labari ya zaga. Mai shayi ya bar tukunya ya biyo mu, tela ya fito da tef a wuya, mai faci da hannu baƙi ƙirin. Mutum goma sha tara na ƙirga a bayanmu, kowa na taya ta lissafi a ƙasa-ƙasa. Goggo kuwa tana can gaba tana shara, ko waiwaye ba ta yi ba, sai ka ce ba a kanta ake yi ba.

A ƙarshen layi Shugaba ta tsaya ta juyo.

"Nawa ka ce?"

"Talatin da tara."

"Arba'in da huɗu na samu. Kai da aka ce ba ka kuskure."

Na sake duba shafukana. Sai tela ya tuntsire da dariya ya ce masu alama kawai yaron ya bi. Biyar ɗin daga gidan Goggo suka zo, a gwangwani, ta cike inda majalisa ta bar giɓi.

Shugaba ta yi dariya har ta dafa bishiya. Ta sa aka kira Goggo, ta tambaye ta ganyen, ta tambaye ta tayoyin, ta durƙusa da kanta ta tona gindin wata bishiya da biro. Ƙasar baƙa ce, da danshi, har da tana. Ta miƙe idonta na ƙyalli.

"Mama, an yi miki ba daidai ba. Wannan takardar ta mutu." Aka fara tafi. Ta ɗaga hannu. "Ba shi ke nan ba. Irinki ba a bar shi da tsintsiya. Daga Litinin ke ce mai duba masu shara gaba ɗaya. Za a ba ki tebur a ofis, kusa da nawa, da kujera mai juyawa."

Tafin ya ƙaru. Ni ma na tafa, sau biyar, kafin na ga fuskar Goggo.

"Ranki ya daɗe," ta ce, "da can da na yi laifi, ina za a kai ni?"

"Ofis."

"Yanzu da na yi abin kirki fa?"

Shugaba ta buɗe baki, Goggo ta riga ta.

"Wai ku mutanen nan ba ku da wani wuri ne sai ofis? Ko kuna neman wanda zai taya ku zama?"

Mai faci ya zauna a ƙasa don dariya. Shugaba ma ta kasa riƙe fuska, amma ba ta saki ba. Ta ce tana da layuka goma sha uku da itatuwa ke mutuwa, kuma ga mutum ɗaya da ya san maganin. Ba za ta bar ilimin nan a layi ɗaya ba.

"Ai ba a tebur na koya ba, 'yata, ba kuma a tebur zan koyar ba. In na tafi, wa zai tuna gobe sha bakwai da sha takwas ke da ruwa? Mai son koyo ya zo nan. Layin ba ya gudu."

"Duka goma sha uku?"

"Su tattake mini gindin itatuwa? Bibbiyu. Sati guda-guda. Kowa ya zo da tsintsiyarsa, ba na ba da aro."

Na yi saurin bugawa: sati bakwai, na ƙarshe mutum ɗaya. Shugaba ta ce in rufe baki, sannan ta ce in rubuta. Katin baro an soke shi daga yau. Sabon ƙirge na itatuwa masu rai ne da kwata mai gudu, kuma duk wata ni zan zaga in ƙirga, masu alama da marasa alama. Ta juya ga Goggo.

"Wa kike so a fara turo miki?"

"Dogo. Shi kaɗai, satin farko. A gaya masa ya zo da ƙasar da ya kwashe."

"To, layin naki ne, Mama."

"Na gode, ranki ya daɗe. Ɗan matsa kaɗan, kin tsaya mini a kan ganye."

Ranar Litinin na biya ta wurin kafin in wuce aiki. Dogo ya riga ni, ya durƙusa a gindin lamba uku, gwiwoyinsa sun kusa kai kunnuwansa, yana danne ganye da tafin hannu. Goggo na tsaye a kansa, kuma a hakan ma tsawonsu ɗaya.

"A hankali," take ce masa. "Ba kokawa kuke yi ba. Rufe shi za ka yi kamar mai barci."

"Goggo, yau baro nawa za mu kai?"

"Rabi, in Allah ya sa mutane sun yi ɓarna da yawa."

Dogo ya ci gaba da danne ganyen. Sannan ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko shidan nan da suka rage a layinsa za su tashi.

"Za su tashi in ka ba su haƙuri," in ji ta. "Ranar Asabar ka zo gida da baronka, akwai gwangwani goma da suka isa dashe. Ka zo da wuri, kafin maigidan ya ga fili ya shimfiɗa tabarma."